YADDA AKA YI WA MOTA HARSHE

Duk wanda ke leƙa wuraren sayar da motocin tokumbo zai ci karo da wasu 'yan Amurka masu tambarin FlexFuel a baya, murfin tankinsu ruwan ɗorawa. Ma'anarsa, motar tana shan fetur, tana shan sinadarin itanol, tana kuma shan gaurayensu. To amma ta yaya take sanin abin da aka ɗura mata? Amsar tana da tarihi, kuma mafarinsa alƙawarin da aka saɓa ne.

Bayan da ƙasashen Larabawa suka toshe famfon mai a 1973, Barazil ta shiga uku, domin mafi yawan man da take sha daga waje take sayowa. Abin da take da shi jibge shi ne rake. Don haka a Nuwamba 1975 gwamnatin Janar Ernesto Geisel ta ƙaddamar da shirin Proálcool na tatsar itanol daga rake. Eh, barasar da mai karatu ya sani ce, sai dai injin ne zai sha, ba direba ba. A 1979 Fiat 147 ta fito, wadda ba ta shan komai sai itanol, kuma kafin tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan sababbin motocin ƙasar irinta ne.

Sai ga 1989. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, na sukari ya tashi, masu masana'antu suka ga sukari ya fi riba. Gidajen mai suka ƙafe, mutanen da suka yarda da gwamnati suka wayi gari a layi da motocin da ba sa shan fetur. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin ƙarshen shekarun 1990 kusan babu mai kallon motar itanol. Ya zama dole a ƙera motar da ba za ta ɗaure mai ita ga mai guda ba.

A nan gizo ke saƙar. Fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na mai, itanol kuwa wajen kashi 9 kawai. Idan kwamfutar mota ta zaci fetur ne alhali itanol ne, sai ta yi wa injin rowa, ya riƙa shaƙewa. Idan akasin haka ne, ta cika masa ciki, fulogi ya yi baƙi.

Amurkawa ne suka fara neman mafita, tun lokacin gwajin metanol a jihar Kalifoniya, har zuwa Ford Taurus ta 1996 mai shan E85. Dabararsu ita ce 'yar na'ura da ake sakawa a kan bututun mai, ta ɗanɗana shi kafin ya isa injin. Cikinta ƙarfe biyu ne, mai na bi ta tsakaninsu. Ƙarfin fetur na riƙe cajin lantarki bai wuce 2 ba a ma'auni, na itanol ya kai wajen 24. Wannan tazara na'urar ke karantawa, ta aika wa kwamfuta a matsayin bugu: 50 a daƙiƙa fetur ne zalla, 150 itanol zalla. Rauninta ruwa ne, wanda nasa ma'aunin ya kai 80, don haka ɗan kaɗan ya isa ya sa ta sharara ƙarya.

Mutanen Barazil suka duba kuɗinta suka ce a kai kasuwa. Ai motar talaka suke son sayarwa. Injiniyoyin Magneti Marelli da Bosch da ke can suka lura cewa akwai wata na'urar tuni a jikin salansa, wadda ke auna iskar da ta rage cikin hayaƙi. Da ita, haɗe da lissafi, kwamfuta za ta iya ƙiyasta abin da aka ƙona. Wato maimakon a ɗanɗana miya a tukunya, sai a jira a ji gyatsar wanda ya sha. A Maris 2003 Volkswagen ta fito da Gol Total Flex a kan wannan tsari, kuma cikin 'yan shekaru irinta suka mamaye kasuwa. A ganina wannan ce dabara mafi burgewa a labarin, tunda ba a ƙara ko noti ɗaya ba. General Motors ma ta cire tata na'urar wajen 2006 ta koma ƙiyasi.

Sai dai ƙiyasi yana zuwa a makare. Bayan an sha mai, injin zai yi 'yan mintuna yana lalube kafin lissafi ya daidaita. Tsohon inji mai haƙuri zai jure, amma mai tabo da ke aiki cikin matsi da zafi yana iya ƙona fistin a wannan ɗan tsakanin. Shi ya sa na'urar ta dawo cikin motoci da dama, kuma masu ƙara wa mota gudu suka rungume ta. Suna son itanol saboda yana sanyaya inji, yana hana shi ƙwanƙwasa, amma abin da ake kira E85 a Amurka yana iya zama daga kashi 51 zuwa 83 cikin ɗari, gwargwadon sanyi ko zafin lokacin.

Sakawar kanta ba wuya: a sauke matsin mai, a raba bututun, a dasa ta, a haɗa wayoyi uku, na wuta da na ƙasa da na saƙo. Aikin na gaba ne. Muddin ba a sake tsara kwamfutar ba, an yi harshe babu kunnen da zai saurare shi. Sannan dole famfon mai da injekta su iya tura ƙarin wajen kashi 30 cikin ɗari, tiyo da robobi kuma su zama masu jure itanol.

A Barazil yanzu babu fetur zalla a gidan mai; a Agusta 2025 aka kai itanol ɗin da ke cikin fetur na gama-gari kashi 30. Direba yakan tsaya gaban famfo ya yi ɗan lissafi: in farashin itanol bai kai kashi 70 na fetur ba, shi zai sha, in ya wuce ya matsa famfo na gaba.