Tiyatar rage ƙiba: abin da shekaru saba'in suka koya wa likitoci

Kwanan nan tallar tiyatar rage ƙiba ta yawaita a wayoyinmu, musamman daga asibitocin Tunisiya da Turkiyya. Wannan ya ce a yanke tumbi, wancan ya ce a sa zobe, wani kuma ya ce a canza wa abinci hanya. Kafin mutum ya zaɓa, ya kamata ya san inda kowace ta fito, domin kusan kowacce an yi mata guɗa da farko, sai daga baya illarta ta bayyana.

Aikin ya soma ne cikin shekarun 1950 a jihar Minesota ta Amurka. Tunanin likitocin shi ne: tunda ƙaramin hanji ke tsotse amfanin abinci, a tsallake mafi yawansa. Suka haɗa farkon hanjin da ƙarshensa. Mutane sun rame ƙwarai, har aikin ya bazu cikin shekarun 1960 da 1970. Amma sai ga zawo marar yankewa, tsakuwar ƙoda, da lalacewar hanta da ta kai wasu ga mutuwa. Zuwa farkon shekarun 1980 an bar shi.

Hanya ta biyu ta fito daga Dokta Edward Mason na jami'ar Ayowa. Ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki ba sa saurin maida jiki. A 1966 ya raba tumbi, ya bar 'yar ƙaramar jaka a sama, ya haɗa ta kai tsaye da hanji. Ita ce ake kira baifas, wato hanyar ratse. Daga baya an gyara haɗin domin ruwan ɗaci ya daina hawowa sama. A 1995 Dokta Walter Pories ya wallafa sakamakon marasa lafiyarsa, ya nuna ciwon suga yana lafawa ga mafi yawansu, sau da yawa tun kafin su rame sosai. Daga nan aka gane aikin yana taɓa sinadaran jiki da ke sarrafa yunwa da suga, ba girman ciki kaɗai ba.

Sai zobe. Wani roba ne da ake ɗaure saman tumbi da shi, ana iya matsewa ko a sassauta. A 1993, a ƙasar Beljik, Dokta Mitiku Belachew, ɗan asalin Habasha, yana cikin na farko da suka sa shi ta 'yan ƙananan huji da kyamara, ba tare da farke ciki ba. Mutane suka yi ta rububinsa, tunda ba a yanke komai kuma ana iya cirewa. Bayan shekaru, zoben ya riƙa zamewa ko ya ci cikin naman tumbi, wasu kuma ƙibar ta dawo. Da yawa sai da aka sake yi musu aiki. Yau kaɗan ne ke sa shi.

Wadda ta fi tashe yanzu, wato siliv ko hannun riga, ba a ma ƙirƙire ta don ta tsaya ita kaɗai ba. Kashin farko ce ta wani babban aiki. Wajen shekara ta 2000 likitoci suka riƙa yi wa masu nauyi sosai wannan kashin, da niyyar ƙarasawa daga baya, sai suka ga wasu sun rame har ba su buƙatar na biyun. Ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, har da sashen da ke fitar da mafi yawan sinadarin yunwa da masana a Japan suka gano a 1999. Yau ita ce aka fi yi a duniya. Illarta biyu: abin da aka cire ya tafi ke nan, kuma tana iya tada ƙwannafi mai tsanani.

To, ta yaya ake zaɓa? Mai ƙwannafi tun da farko, ko mai ciwon suga da ya daɗe, likitoci sukan karkata da shi ga baifas. Ita kuwa baifas ta fi rage tsotsar sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da kalsiyom. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasarmu, inda ƙarancin jini ya yi yawa ga mata. Kowacce aka yi, akwai shan bitamin da gwajin jini har iya rayuwa, kuma ana shawartar mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Mai azumi ma sai ya tambayi likitansa, domin ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar ruwa da yawa lokaci guda.

Kun dai ji: matsalar hanji, ta zobe da ta ƙwannafi duk sai bayan shekaru suka fito fili, kuma bibiyar marasa lafiya ce ta tona su. Don haka duk wanda zai hau jirgi, kafin ya tambayi farashi, ya tambayi kansa: in na dawo Maraɗi, Damagaram ko Tawa, wane likita zai riƙa duba ni? Ina zan samu bitamin kowane wata? In amai ya kama ni cikin dare, wa ya san irin aikin da aka yi mini? Ya kuma karɓo rahoton tiyatar a rubuce, ya adana shi.

Allah ya ƙara mana lafiya.