Razanarwa a Matsayin Gargaɗi: Nazarin Jigo a Faifan Brutal Planet na Alice Cooper

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci jigogin faifan Brutal Planet da mawaƙin Amurka Alice Cooper ya fitar a 2000. An bi hanyar warwarar jigo a huɗu daga cikin waƙoƙi 11 na faifan. Sakamakon ya nuna cewa babban jigonsa gargaɗi ne.

Gabatarwa

An haifi Vincent Furnier, wanda aka fi sani da Alice Cooper, a Detroit a 1948, mahaifinsa kuwa mai wa'azin Kirista ne. Ya yi suna tun shekarun 1970 da kiɗan rok mai razanarwa, inda yakan hau dandamali da maciji a wuya, a kuma kwaikwayi fille masa kai a gaban 'yan kallo. Bayan faifan The Last Temptation na 1994, sai da ya shekara shida kafin ya dawo da Brutal Planet, wanda Bob Marlette ya tsara kiɗansa da salon metal mai nauyi, jita na gurnani kamar injin masana'anta.

Warwarar Jigo

Abin tsoron da Cooper ya saba nunawa a da ƙage ne na wasan kwaikwayo. A wannan faifai kuwa daga labaran duniya ya ɗebo shi. Waƙar "Pick Up the Bones" ta samo asali daga yaƙin Kosobo, an sa ta a bakin mutumin da ke tsintar ƙasusuwan iyalinsa a kufan gidansu. "Eat Some More" ta soki haɗama da almubazzarancin abinci alhali wasu na kwana da yunwa. "Take It Like a Woman" ta koma kan dukan mata a gidan aure, batun da ya taɓo tun 1975 a "Only Women Bleed".

Wadda ta fi ɗaukar hankali ita ce "Wicked Young Man". Ta fito ne bayan harin makarantar Columbine na Afrilun 1999, lokacin da jama'a suka ɗora laifin a kan mawaƙa irin su Marilyn Manson. Cooper ya ari bakin matashi mai ƙiyayya, wanda ya wanke fina-finai da kiɗa daga laifi, ya amsa cewa muguntar tasa ce. Da haka waƙar ta mayar da alhaki kan zuciyar ɗan Adam, ra'ayin da ke zama ginshiƙin koyarwar Kiristanci game da zunubi, addinin da mawaƙin ya koma wa bayan ya daina shan giya.

Kammalawa

Nazarin ya gano cewa duhun faifan hanya ce ta tsoratarwa domin jan kunne, dabarar da masu wa'azi suka daɗe da sani. Faifan Dragontown na 2001 ya ɗora a kan wannan jigo, saboda haka ya kamata masu bincike su nazarci faifan biyu tare.