Mai Hoton Da Ya Hau Mont Blanc

Jama'a, akwai wani tsohon hoto da na daɗe ina kallo: mutane ƙanana kamar tururuwa, suna jan jiki a kan ƙanƙara. Wani Bafaranshe, Auguste-Rosalie Bisson, ne ya ɗauke shi a dutsen Mont Blanc, mai tsawon sama da mita 4,800.

A shekarar 1861 ya hau dutsen da 'yan dako 25. Me ya sa har 25? A wancan zamani a kan farantin gilashi ake ɗaukar hoto. Sai an shafa masa magani, a ɗauka, a wanke nan take kafin ya bushe. Don haka dole a ɗauko gilasai, kwalaben magani da tantin duhu, ga sanyi mai daskarar da ruwa.

Amma kasuwa ba ta san wahala ba. Masu yawon buɗe ido da ke zuwa Chamonix tsaraba suke so, ƙaramin hoto mai araha da zai shiga aljihu. Shi da yayansa Louis-Auguste kuwa suka nace wa manyan hotuna masu tsada. A 1863 kamfaninsu ya karye.

Yau manyan hotunan nan suna gidajen tarihi a Faris da New York. Ni dai duk lokacin da na duba su, 'yan dakon nan nake tunawa, waɗanda suka ɗauki gilashi a bayansu har ƙololuwa.