Abdoulaye Mamani da Sarauniya: daga waƙa zuwa hoto

Gabatarwa

A wannan ƙasida za mu dubi rawar da Abdoulaye Mamani (1932-1993) ya taka wajen haɗa rubutaccen adabi da fasahar hoto a Nijar. Tambayar da muke yi ita ce: idan hoton da marubuci ya ƙago ya fi tarihin baka yaɗuwa, wanne ne daga cikinsu ke zama tarihi a idon jama'a?

Mawaƙi kuma ɗan siyasa

An haifi Mamani a Gudumariya, amma a Damagaram ya yi suna a siyasa, cikin jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari. Bayan da aka haramta jam'iyyar a 1959, ya yi gudun hijira na shekaru, musamman a Aljeriya. A lokacin ne ya wallafa littafin waƙoƙinsa na Faransanci, Poémérides, a Paris cikin 1972. Ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, sannan gwamnatin Seyni Kountché ta tsare shi a 1976. Saboda haka, a wurinsa waƙa da gwagwarmaya tafiyarsu ɗaya.

Daga Lugu zuwa majigi

A watan Afirilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu ke jagorancin Azna. Takardun Faransawa sun ambace ta a taƙaice. A Lugu kuwa, Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya da mata ke gada, wadda ta girmi Mangu kuma ta ci gaba bayanta.

Da littafinsa Sarraounia na 1980, Mamani ya ware mace guda daga wannan jeri, ya ba ta ƙuruciya da kirari da jawabi, ya mayar da ita jarumar yaƙi da mulkin mallaka. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya juya littafin zuwa sinima a 1986. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma Aï Keïta, ƴar ƙasar, ita ce ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Tun daga nan, surar da mutane da yawa ke gani idan an ambaci Sarauniya, wato mace riƙe da makami a gaban mayaƙa, daga littafin da fim ɗin ta fito.

Kammalawa

A ganinmu, aikin Mamani ya jawo riba da hasara. Ribar ita ce ya fito da sunan Lugu daga gefen takardun sojan Faransa, har aka raɗa wa gidan rediyo sunan Sarauniya a Yamai. Hasarar kuwa, jarumar littafi ta rufe mai sarautar tsafi, wadda ƙarfinta a wurin mutanenta yana ga addini ne.

Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, kan hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai don karɓar kyautar Boubou Hama. Aikin da ya rage mana shi ne mu koma Lugu da ƙauyukan Dogon Dutsi, mu naɗi abin da dattawa ke faɗi, mu kwatanta shi da littafin da fim ɗin, domin ɗalibanmu su iya rarrabe Sarauniyar tarihi da ta adabi.