Adadai Masu Ƙaunar Juna

'Yan'uwa, malaman hisabi na dā sun kasa adadi gida uku. Mu tara duk lambobin da ke raba shi ba saura, ban da shi kansa. In jimlar ta yi daidai da shi, tammi ne, kamar 6 (1+2+3). In ta zarce, za'idi. In ta gaza, naƙisi.

Sai kuma waɗanda suka kira mutahabba: masu raba 220 sun tashi 284, na 284 kuma 220. Ibn Khaldun ya ambaci yadda masu tsibbu ke sa su a layar mallaka. Wannan kam ba ruwanmu, lissafin muke bi.

Sabit bin Kurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ba Musulmi ba ne, amma ƙa'idarsa malamanmu suka ɗauka. Da ita Kamaluddin Alfarisi ya fito da 17,296 da 18,416. A ƙarni na 17 Muhammad Baƙir Yazdi, mutumin Iran, ya kai ga 9,363,584 da 9,437,056, da alƙalami kawai. Na farkon za'idi ne, 128×191×383, na biyun naƙisi. Descartes na Faransa ma ya gano su a 1638.