Daga Tambayoyin Edison Zuwa Farin Allo

A shekarar 1921, Thomas Edison ya riƙa tantance masu neman aiki a kamfaninsa da tambayoyi fiye da 100, ciki har da saurin tafiyar sauti. Ba a jima ba jaridar New York Times ta buga su, dole aka sake wasu. Wannan ciwo ne kamfanonin fasaha na Amurka suka gada.

A shekarun 1990, Microsoft ta yi suna wajen yi wa injiniyoyin manhaja tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, kamar dalilin da ya sa murfin ramin magudanar ruwa yake da siffar da'ira. A 2003 William Poundstone ya tattara irinsu cikin littafi, masu neman aiki suka haddace. Google ma ta bi sahu, har sai da Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikatanta, ya shaida wa New York Times a 2013 cewa ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki, sai dai su sa mai tambayar ya ji kansa gwani.

Farin allo ne ya rage: a ba mutum matsala, ya rubuta manhajar warware ta a gaban mai tantancewa cikin kimanin minti 45. Wannan ya fi kusa da ainihin aikin, amma shi ma hadda ta cim masa. Shafuka irin su LeetCode sun tara dubban tambayoyin, kuma mai watanni na zaman bita ya fi ƙwararren injiniyan da aiki da iyali suka cinye masa dare damar tsallakewa.