Daga Fata zuwa Roba: Tarihin Toshe Yoyo

Mu da muke gyaran tifa da katafila, rabin aikinmu farautar yoyo ne, kuma haka sana'ar take tun asalinta.

Ilimin matsin ruwa da sana'ar ta dogara a kai tsoho ne. Tun a ƙarni na 17 Blaise Pascal, masanin Faransa, ya nuna cewa ruwan da aka kulle a wuri guda, in an matsa shi, matsin yana isa kowane lungu daidai wa daida. Ka danna ƙaramin fiston, babban da fuskarsa ta ninka tasa sau 10 zai tura da ƙarfi ninki 10. Amma an haura shekara 100 maganar tana takarda, domin da zarar matsi ya hau, ruwan sai ya sulale ta gefen fiston.

A 1795 Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsewarsa a Landan. Abin da ya tsayar da injin da ƙafafunsa zoben fata ne da aka lanƙwasa kamar ƙwarya, bakinsa na fuskantar ruwan. Ruwa na shiga cikinsa, sai ya buɗe leɓɓansa ya manna su da ƙarfe. Iya matsin, iya toshewar. Ana danganta dabarar da yaronsa Henry Maudslay. A ganina, ranar da aka yanka wannan fatar aka haifi sana'armu.

Daga nan hanya ta buɗe. William Armstrong ya kafa ƙugiyar ɗaga kaya mai aiki da ruwa a tashar Newcastle a 1846. Daga 1883 wani kamfani ya riƙa sayar da ruwa mai matsi ta bututun ƙarƙashin titunan Landan, bai daina ba sai 1977.

Ruwa dai yana kawo tsatsa, yana daskarewa da sanyi, shi ya sa aka koma mai. Shi kuma man yana kumbura robar itace, sai da robar masana'anta ta fito daga Jamus. A 1939 Niels Christensen ya samu rajistar zoben roba a Amurka, wanda yau ke cikin kowane jak.

Namu abokin gabar a nan ƙurar hunturu ce. Takan lafe a sandar silinda, ta karce ta, ta yanka sil, wato zoben toshe yoyo. Saboda haka kafin yaro ya taɓa famfo a garejinmu, goge sanda da rufe bakin tiyo muke fara koya masa.